Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Duk lokacin da reshenmu na Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, NUT, ya kira taro, mukan san abin da za a tattauna tun kafin a buɗe da addu'a: albashi, ƙarin girman da ya maƙale, haƙƙin waɗanda suka yi ritaya, azuzuwan da iska ta yaye wa kwano, da tsaron malaman da ke aiki a ƙauyukan bakin daji. Duk waɗannan sun cancanci a tsaya a kansu, kuma za mu ci gaba da tsayawa. Amma akwai wata matsala da ba ta taɓa shiga jerin abubuwan tattaunawa ba, alhali kowa ya san ta, kuma da yawa daga cikinmu sun sha kwana da ita a zuci. Ita ce yadda muke cutar da junanmu a wurin aiki, da yadda muke kasa buɗe baki mu yi maganar a inda ya dace a yi ta.

Ra'ayinmu a nan shi ne, shirun da muke yi wa mugun hali, wanda muke laƙaba wa suna kawaici, shi ne abincin da halin yake ci har ya yi ƙiba. Malamin da ya iya tsayawa gaban yara fiye da ɗari ya fahimtar da su lissafi, bai kamata a ce ya kasa zama da abokin aikinsa guda ɗaya ya gaya masa cewa abin da ya yi ya ɓata masa rai ba. Wannan magana mai nauyi sana'a ce da ake koya kamar yadda muka koyi rubuta shirin darasi a kwaleji, kuma nauyin koyar da ita yana wuyan ƙungiyarmu.

Abin da idanunmu ke gani

Ba sai mun kama sunan kowa ba, domin duk wanda ya daɗe yana riƙe da alli ya ga irin waɗannan abubuwa. Akwai shugaban makarantar da ba ya gyara wa malami kuskure sai a filin taron safe, gaban yara, da murya sama. Akwai malamin da aikinsa ɗaukar magana daga ƙarƙashin bishiya ya kai ofis, ya ɗauko ta ofis ya dawo da ita ƙarƙashin bishiya, kowace tafiya da ɗan ƙari. Akwai wanda zai sa hannu a rajista da sassafe, ya hau babur ya nufi harkar gabansa, ya bar ajinsa a wuyan malamar da ke kusa, kuma idan ta yi ƙorafi a ce ba ta da zumunci. Akwai tsohon hannun da ya mai da ɗaliban kwaleji masu koyon koyarwa da malaman sa-kai tamkar barorinsa. Akwai sunan da kullum ake tsallakewa idan an zo tura mutane bita mai ɗan alawus. Sannan ga sabon fagen da waya ta buɗe mana, wato zauren WhatsApp na makaranta, inda ake sakin habaici da gugar zana cikin dare, mutum ya karanta ya kasa barci.

Adalci ya sa mu faɗi cewa cutarwar ba daga sama kaɗai take gangarowa ba. Shugabannin makarantu ma 'yan ƙungiya ne, kuma wasunsu suna shan zagon ƙasa. Hedimasta zai ba da umarni bisa ƙa'ida, wani malami ya yi kunnen uwar shegu da shi saboda yana taƙama da ubangida a siyasa. Malama za ta zama shugaba, wasu mazan da ke ƙarƙashinta su ɗauki bin umarninta a matsayin ƙasƙanci, su yi ta kora da hali har ta gaji.

Akwai kuma wata barazana da ta fi kowacce muni a yankinmu. A wani gari, idan aka ce wa malami za a sa a canza masa wurin aiki, abin da zai yi tunani shi ne kuɗin mota da nisan gida. A ƙaramar hukumar Jibiya, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, makarantu da dama suka daɗe a rufe, kalmar “zan sa a kai ka daji” magana ce da ta shafi rai. Tura malami inda ake bukatarsa haƙƙin hukuma ne, kuma yaran ƙauye suna da haƙƙin samun malami kamar yaran Daddara da na cikin garin Jibiya. Amma duk wanda ya ɗauki wannan ya mai da shi bulalar tsoratar da wanda suka sami saɓani, ya zalunci malamin, ya kuma raina yaran ƙauyen, tunda ya mai da makarantarsu gidan horo.

Me ya sa muke yin shiru

Dalili na farko tarbiyya ce. An raine mu da kunya da kara, an koya mana kada mu ɗaga ido mu dubi babba. Dalili na biyu ƙanƙantar gari. A Daddara, wanda ya ɓata maka rai a makaranta wataƙila surukinka ne, ko maƙwabcinka, ko sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci. Idan ka yi magana yau, gobe za ku haɗu a wurin suna ko jana'iza. Dalili na uku tsoro ne tsagwaronsa, domin wanda takardar ƙarin girmansa za ta bi ta teburin wani, yakan auna kalmominsa.

Kada kuma mu manta da matsin da muke ciki. Hanyar da ta ratsa garinmu daga Katsina zuwa Magama, ta wuce Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ita ce jijiyar arzikin wannan yanki. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. A tsakanin haka aka katse layukan waya a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro, aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tun ba mu gama farfaɗowa daga ambaliyar da ta ci rayuka a Jibiya a Yulin 2018 ba. Malamin da 'yan uwansa suka gudo daga ƙauye suka cika masa gida, albashinsa kuma ba ya kai tsakiyar wata, zai shigo makaranta da zuciya a kusa. Mun fahimci wannan. Amma fahimtar dalilin zafin rai ba ta halatta sauke shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Wahalar da ta same mu tare ya kamata ta ƙara mana tausayin juna.

Shi kuwa kawaicin da muke fakewa da shi, mun sauya masa ma'ana. Kawaici na gaskiya shi ne ka kau da kai daga tuntuɓen da ɗan uwanka ya yi sau ɗaya ba da gangan ba. Wanda ya ga ana wulaƙanta ƙaramin malami kullum ya sunkuyar da kai, sannan ya fita waje ya yi ta ba da labari, ya haɗa laifi biyu: ya ƙi yin nasiha, ya kuma yi giba. Suratul Hujurat da muke karantar da yara ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi da bin diddigin asirin mutane da yi da mutum a bayan idonsa, ta yi umarni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, da kuma sulhunta waɗanda suka saɓa. Abin mamaki, mun ɗauki faɗa wa mutum gaskiya a gabansa rashin kunya, mun ɗauki cin namansa a bayansa hira.

Wa yake ɗaukar asarar

Yara ne na farko. Yaron da ya ga an yi wa malaminsa tsawa a gabansa ba zai ƙara jin maganar malamin kamar da ba. Malamai biyu da ba sa ga maciji ba za su zauna su tattauna yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba. Kuma yara suna kwaikwayon abin da suka gani fiye da abin da aka rubuta musu a allo. Idan muka koyar da darasin kyawawan ɗabi'u da safe, muka yi zage-zage a barandar ofis da hantsi, na hantsin za su tafi da shi gida.

Iyalanmu ne na biyu, kuma su ma suna karanta wannan mujalla. Uwargida ta san ranar da aka ɓata wa maigida rai a makaranta tun daga sallamarsa. Maigida ya san ranar da malama ta dawo ta shige ɗaki ba ta ce wa kowa uffan ba. Bacin ran da aka haɗiye a ofis ba ya narkewa, a tsakar gida yake fashewa.

Na uku ita ce sana'ar kanta. Gwamnatin jihar Katsina ta ɗauki sababbin malamai fiye da 7,000 a 2023. Waɗannan matasa sun shigo da takardunsu daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsinma da sauran makarantu, amma yadda ake zama da mutane a wurin aiki daga gare mu za su koya. Dokar 2022 ta tarayya ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Duk halin da muka shuka musu yau, su da yaranmu za su daɗe suna girbinsa.

Yadda ake yin magana mai nauyi

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, saboda haka a shirya ta kafin a fitar. Abu na farko shi ne lokaci. Kada a yi ta cikin fushi, kada kuma a bari ta kwana arba'in. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwana ɗaya ko biyu sun isa zuciya ta huce, abin kuma bai gushe daga tunanin kowa ba.

Na biyu wuri. A keɓe, ba gaban yara ba, ba gaban sauran malamai ba, ba kuma a waya ba. Rubutun waya ba shi da fuska ba shi da murya, kowa da sautin da zai karanta shi. Wanda aka gyara a gaban jama'a, mutuncinsa zai tsaya karewa, ba zai saurari gyaran ba.

Na uku, a kama aiki guda ɗaya da aka aikata, a bar halin mutum da asalinsa. Idan ka ce wa mutum “kai dama haka kake,” ka rufe ƙofa, domin ba wanda zai amsa cewa shi mugu ne. Amma idan malami ya sami hedimasta a ofis bayan an tashi, suka gaisa, ya ce, “Ranka ya daɗe, jiya da ka yi mini magana kan makara a gaban yara, gaskiya na makara, amma tun daga lokacin na kasa shawo kan ajin. Ina roƙo in an sake samun irin haka a kira ni ofis,” to ya faɗi abin da ya faru, ya faɗi illarsa, ya faɗi abin da yake so, kuma bai zubar da girman kowa ba. Haka malamar da ake bar wa aji biyu za ta iya cewa, “Malam, sau uku ke nan a makon nan ina haɗa ajinka da nawa. Yaran sun fi ƙarfina, naka ba sa samu, nawa ba sa samu. Idan wata lalura ce, mu je mu gaya wa shugaba a gyara jadawali.”

Na huɗu, a saurara. Ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila mai yawan fitar nan asibiti yake kai mahaifiyarsa, wataƙila mai tsawar nan shi ma daga sama ake matsa masa. Jin uzurinsa ba ya nufin an janye magana, sai dai yakan nuna hanyar gyara da ba a hango ba. Na biyar, a tashi da matsaya: wa zai yi me, daga yaushe. Zaman da aka ƙare da “Allah ya kyauta” kawai, za a sake yinsa.

Wanda aka zo wa da magana shi ma yana da nasa aikin. Ɗan uwan da ya tako ya same ka a keɓe ya girmama ka, domin da ya so da ya kai ka gaba ko ya yaɗa ka a majalisa. Kada sakamakonsa ya zama gaba da ɗauke gaisuwa. Shugaban da ya hukunta mutum ɗaya don ya gaya masa gaskiya, ya koya wa sauran su riƙa yi masa ƙarya.

Idan an yi zama na farko ba a ga canji ba, sai a koma da mutum na uku wanda duka biyun suke jin nauyinsa. Idan hakan ma bai yi ba, a kai ga shugaban makaranta, ko ga wakilin ƙungiya idan shugaban ne abokin saɓanin. Daga wannan mataki a fara rubutu: rana, wuri, abin da aka faɗa, da waɗanda suke wurin. Rubutu yana kare mai ƙara daga a ce ƙage ya yi, yana kuma kare wanda ake ƙara daga ƙarin gishiri.

Inda zaman keɓe bai dace ba

Akwai abubuwan da ba a sasanta su a ƙarƙashin bishiya. Idan wani ya nemi malama ko ɗalibar koyon aiki da lalata, ko ya ɗaure haƙƙinta da biyan bukatarsa, ba a ce mata ta je ta same shi su fahimci juna. Haka idan an yi barazana ga rai, ko an cutar da yaro, ko an taɓa kuɗin makaranta. Waɗannan kai tsaye ake kai su gaba, kuma wajibi ne a rufa asirin wadda ta kawo ƙara, domin a garuruwanmu tsoron surutu ya fi tsoron mai laifin hana mata magana.

Ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya san cewa doka tana bayansa. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam, sashe na 36 kuma ya tabbatar da haƙƙin a ji ta bakin mutum kafin a yanke masa hukunci. A watan Yunin 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki, Nijeriya kuma ta rattaba hannun amincewa da ita a Nuwambar 2022. Yarjejeniyar ba ta tsaya kan duka ba. Ta haɗa da halayen da ke cutar da tunanin mutum ko aljihunsa, ko sau ɗaya aka yi ko an maimaita. Ta shafi masu koyon aiki da 'yan sa-kai, ta kuma shafi saƙonnin waya da suka danganci aiki. Hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa a 1993, tana da kundin ɗa'ar malamai da kwamitin ladabtarwa. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana da hurumin sauraron ƙarar nuna bambanci da cin zarafi a wurin aiki. Ba muna kiran kowa ya garzaya kotu ba ne. Muna so wanda ake zalunta ya san cewa abin da ake yi masa yana da suna a doka, mai yi kuma ya san cewa kujerarsa ba ta fi ƙarfin doka ba.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wasu dattawanmu za su ce wannan zai buɗe ƙofar raini, kowane yaro ya riƙa tsayawa yana ƙalubalantar na gaba da shi. Damuwarsu tana da tushe, shi ya sa muka sa ladabi da keɓewa a gaba. Amma a duba da kyau, rainin da ake gudu ya riga ya shigo ta taga. Shugaban da ba a iya gaya masa gaskiya a ofis, ana yi masa dariya a bayan aji. Wasu kuma za su ce tona irin wannan zai raunana ƙungiya a lokacin da muke bukatar haɗin kai don neman haƙƙinmu. Mu kuwa muna ganin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Malamin da ƙungiya ta kasa kare shi daga abokin aikinsa, da wuya ya fito ranar da ta kira shi gwagwarmaya. NUT ta kafu tun 1931, Malam Aminu Kano kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, duk don malami ya sami murya da mutunci. Mutuncin da muke nema daga gwamnati, mu fara ba juna shi.

Abin da muke nema daga reshe

Muna kira ga shugabannin reshenmu da su kafa ƙaramin kwamitin sulhu, a sa dattawan malamai masu ritaya waɗanda ba su da abin nema a wurin kowa, a kuma sa mata aƙalla biyu domin malama ta sami wadda za ta iya buɗe wa ciki. Muna so duk ɗan ƙungiyar da aka ba takardar tuhuma ya sami wakili da zai taimaka masa ya amsa cikin wa'adi, ya kuma raka shi zama. Muna so kowace makaranta ta amince cewa zaurenta na WhatsApp na sanarwa ne, duk mai ƙorafi ya tako da ƙafarsa. Muna so reshe ya zauna da Sakataren Ilimi da hukumar SUBEB a fito da ƙa'ida bayyananniya kan tura malamai makarantun da ke da haɗari: wa ake turawa, na tsawon wane lokaci, da wane tallafi. Idan ƙa'idar tana manne a bango kowa yana gani, ba wanda zai ƙara iya tsorata wani da ita. A ƙarshe muna so a keɓe awa ɗaya a babban taronmu na gaba don shugabannin makarantu da malamai su gwada irin wannan zama a aikace, yadda muke gwajin koyarwa.

Kafin reshe ya motsa, kowannenmu yana da abin da zai iya farawa da shi a wannan zangon karatu. Idan aka kawo maka maganar wani, ka tambayi mai kawowa ko ya gaya wa mai ita. Idan aka ci mutuncin ƙaramin malami a gabanka, ka sami wanda ya yi a keɓe ka yi masa nasiha, ka kuma sami wanda aka yi wa ka nuna masa cewa an gani. Idan kuma akwai wanda ka daɗe kana ƙullace da shi, ka nemi zama da shi kafin hutu. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma a baki ɗaya suke kwana.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Jibiya da kewaye, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu, ya buɗe makarantun da ke rufe, ya kuma ba mu ikon faɗar gaskiya da ikon karɓarta.